Yadda Za Ka Samu Mai Sassaƙa Maka Sabon Wuyan Banjo Ba Tare Da Aljihunka Ya Koka Ba

Wuyan jitar katako galibi manne yake da gam, cire shi sai gwani. Na banjo kuwa, wato abin kiɗan nan mai tsirkiya da zagayayyen jiki mai fata, noti biyu ko uku za ka kwance ya zare a hannunka. Shi ya sa a Amurka, inda banjo ya yi gida, sassaƙa wuya kaɗai ya zama sana'a mai cin gashin kanta. Akwai masu aikin da ba sa haɗa banjo sukutum, wuya kawai suke yi wa ƙoƙon da aka aiko musu. Wani nasa ne ya karye, wani ya murɗe, wani bahago ne, wani yatsunsa masu kauri ne yana son allo mai faɗi. Da yawa kuma tsohon banjo mai tsirkiya huɗu suka tsinta, irin na shekarun 1920 lokacin da kiɗan jaz yake tashe, suna so a mayar da shi mai tsirkiya biyar.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Wuyan da aka yi maka na musamman yakan fara ne daga ɗaruruwan daloli, kafin ka ankara ya haura dubu. Katakon ba shi ne tsadar ba, awannin da hannun mutum ya ɗauka a kansa kake biya. Saboda haka neman mai araha rabin aikin ne kawai. Ɗaya rabin shi ne ka san awannin da za ka iya yafewa da waɗanda in ka yafe su ka yi asarar kuɗin gaba ɗaya.

Don mu fahimci juna: ƙoƙo shi ne zagayayyen jikin da aka ɗaure wa fata, jaki shi ne ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa a kan fatar, kamar dai a goge da gurmi. Dangantakar ta asali ce, domin bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma su suka fara haɗa banjo da ƙwarya a tsibiran Karibiyan tun ƙarni na 17. Diddige shi ne gindin wuyan inda yake haɗuwa da ƙoƙo. Firet kuma su ne siraran ƙarafan da aka jera a kan allon yatsu.

Fara tabbatar da cewa wuyan ya mutu

Wuyan da ake yi wa kallon gawa sau da yawa suma ya yi. Danne tsirkiya ɗaya a firet na farko da na ƙarshe lokaci guda, ka leƙa tsakiyar wuyan, wajen firet na bakwai ko na takwas. Ratar da ke tsakanin tsirkiyar da ƙarfen ta kasance 'yar kaɗan, kimanin kaurin katin kasuwanci. In ta fi haka, duba kan wuyan ko akwai ɗan murfi mai sukurori. A ƙarƙashinsa akwai notin sandar ƙarfen da ke ratsa cikin wuyan, wadda wani ma'aikacin kamfanin kayan kiɗa na Gibson, Thaddeus McHugh, ya sami rajistar ƙirƙirarta a 1923. Ka juya notin kwatan zagaye, ka bar shi ya kwana, ka sake dubawa. In ya cije kada ka tilasta masa, sandar na iya tsinkewa a ciki.

Kan da ya tsage, muddin tsagar ta bi tsawon katakon kuma ba a riga an ɓata ta da gam ɗin banza ba, mai gyara zai manne ta ta riƙe shekaru. Firet da suka cinye ana sauya su. Tsirkiyoyin da suka yi nesa da allo har yatsa na ciwo, galibi kusurwar diddige ce ta kauce, ana gyara ta da sassaƙa kaɗan ko a cusa siririn katako. Duk waɗannan ba su kai rabin kuɗin sabon wuya ba a mafi yawan lokuta. Abin da ke kashe wuya da gaske shi ne murɗewa, wato ka hango daga kai zuwa diddige ka ga gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, sai karaya a gicciye, sai tsinkewar sandar ciki a wuyan da bai da wata daraja.

Sai tambaya ta biyu, mai ɗaci: ƙoƙon ya cancanci wannan hidima? In banjon naka irin na masu koyo ne, mai ƙoƙon alminiyam da aka zuba a masana'anta, wuya na musamman zai fi banjon duka tsada. Gara ka haɗa kuɗin ka sayi wani, ko da na hannu ne, kamar Goodtime na kamfanin Deering ko ɗaya daga cikin na Gold Tone. Amma in ƙoƙon tsohon Gibson ne, ko na kamfanin Vega, ko na Bacon and Day, ko kuma na gado ne da ba ka iya rabuwa da shi, mu ci gaba.

San ƙoƙonka kafin ka buɗe baki

Wannan matakin ne ya fi cin lokaci, kuma shi ne ke bambanta wanda za a yi wa farashin gaskiya da wanda za a ƙara wa kuɗin rashin tabbas. Mai sassaƙa in bai san abin da zai tarar ba, ƙiyasinsa sama yake yi.

Cire murfin baya, in akwai, ka leƙa ciki. Abu ɗaya cikin biyu za ka gani. Ko dai sandar katako mai kusurwa huɗu ta fito daga diddige ta ratsa ƙoƙon zuwa ɗaya gefen, wanda shi ne tsarin tsofaffin kamfanoni irin su S. S. Stewart da Fairbanks da Vega. Ko kuma sandunan ƙarfe, ɗaya ko biyu, da aka ɗaura a kan kusoshi masu zare da ke nutse a diddigen, wanda shi ne tsarin Gibson da duk masu kwaikwayonsa. Aikin sandar katako ya fi wahala, domin ramin da za a huda mata sai ya bi kusurwa daidai, kuma da zarar gam ya kama ba gyara cikin sauƙi. Ba kowane mai yin wuya ke karɓar irin wannan ba, don haka da shi za ka fara tace mutane.

In tsarin Gibson ne, duba zoben ƙarfe mai faɗi da ya kewaye ƙoƙon, wanda ƙugiyoyin ɗaure fata ke ratsawa. Na tsakiyar shekarun 1920 gida biyu ne, bututu da faranti. Daga wajajen 1929 aka koma zubi guda. Kowanne da irin yankan diddigensa, kuma wuyan da aka yanka wa ɗaya ba ya zama a kan ɗaya. Mutane da yawa sun sayi wuya a intanet sun ga araha, ya iso ya ƙi hawa saboda wannan kaɗai.

Yanzu ɗauko ma'auni. Masu wannan sana'a da inci suke magana, don haka auna da inci, ka rubuta milimita a gefe don kauce wa kuskure.

Faɗin fatar daga baki zuwa baki: inci 11 shi ne aka fi sani, kusan santimita 28, amma tsofaffi akwai masu 10 da ɗoriya, na zamani marasa murfi akwai masu 12. Sai zurfin ƙoƙon. Sai tazarar da ke tsakanin ramukan kusoshi biyu, da nisan kowanne daga saman fata. Sai tsawon tsirkiya: auna daga ɗan ƙashin da ke saman allo zuwa tsakiyar firet na 12, ka ninka biyu. A banjo mai tsirkiya biyar da firet 22, abin da za ka samu yana kusa da inci 26 da kwata. Sai tsayin jakin da kake so, wanda galibi 5/8 na inci ne, kimanin milimita 16.

Ga dalilin da ya sa tsawon tsirkiya ba abin zaɓa da ka ba ne. Jaki ba ya zama inda ka ga dama, lissafi ke ajiye shi: nisansa daga firet na 12 daidai yake da nisan firet na 12 daga ƙashin kai. A wuya mai inci 26 da kwata, daga firet na 22 zuwa jaki inci bakwai ne da ɗan ƙari. A fata mai inci 11, jakin zai sauka kusan kashi biyu cikin uku na faɗinta, inda sautin ke fita tar. Ɗora wannan wuyan a ƙoƙo mai inci 10, jaki ya matsa kusa da baki, sauti ya yi siriri. Ɗora shi a mai 12, jaki ya kusanci tsakiya, sauti ya yi kauri da taushi. Gwani zai rage tsawon ko ya sauya yawan firet don jakin ya faɗa wurin da ya dace. In ka gaya wa mutum faɗin ƙoƙonka bai ce komai a kan wannan ba, ka sa alamar tambaya a kansa.

Ɗauki hotuna a waje da rana, ma'aunin na kwance cikin hoton: gaba, baya, ciki, diddigen tsohon wuyan, da lambar da aka buga a jiki.

Rubuta abin da kake so, sannan ka soke rabinsa

Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a nan maganar ta zauna daram. Ado shi ne ke cin awanni.

Kwalliyar bawon kawa mai sheƙi da ake nutsarwa a allo da kai, irin zanen zuciya da furanni ko na gaggafa mai tashi da aka san Gibson da su, kowane ɗan gutsure sai an yanka shi, an ƙwaƙule masa gurbi, an manne, an goge. Ɗigo-ɗigo farare za su nuna maka matsayin yatsa daidai da yadda furanni za su nuna. In zuciyarka ta nace sai zanen, tambayi mai aikin ko zai karɓi allon da injin kwamfuta ya riga ya yanka ya cika, domin ana sayar da su a shirye kuma sun fi aikin hannu sauƙi nesa ba kusa ba. Farin layin roba da ake kewaye gefen allo da shi ƙarin aiki ne. Kai mai lanƙwashe-lanƙwashe ya fi mai sauƙin siffa cin lokaci. Sassaƙar furanni a diddige kuwa, kada ma a fara zancenta.

Katako uku aka fi amfani da su: mahogani, mepul da walnot. Mahogani, wanda dangin maɗacinmu ne, yana da daɗin sassaƙa kuma ba ya yawan motsi. Mepul maras zane ba shi da tsada, mai zanen igiyar ruwa shi ne ke ɗaga farashi. Ana cewa mepul ya fi kaifin sauti, mahogani ya fi taushi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma a ganina bambancin bai kai wanda ɗaurin fata ko sauya jaki ke kawowa ba, kuma waɗannan kusan kyauta ne. Allon yatsu galibi baƙin katakon eboni ne, dangin kanya, ko rozwud. Akwai kuma Richlite, wanda takarda ce da aka matse da sinadari ta yi tauri, manyan kamfanonin jita ma suna sa shi.

Fenti shi ne babban ɓoyayyen kuɗi. Mai sheƙi irin na masana'anta sai an fesa sau da dama, a jira makonni ya bushe, a goge. In kuma ana son launinsa ya yi daidai da na tsohon murfin baya, wannan wata gwanintar ce daban. Ka ce a ba ka wuyan fari, ba fenti, ka shafa masa man katako irin Tru-Oil da tsumma, shafi kaɗan-kaɗan cikin 'yan kwanaki. Makaɗa da yawa ma sun fi son haka, don babban yatsa ba ya maƙalewa in hannu ya yi gumi.

Kunnuwan ɗaure tsirkiya, in na tsohon wuyan suna aiki, a mayar da su. Sai dai wanda ke sauya mai huɗu zuwa mai biyar dole ya sayi kunne na biyar da ke zama a gefen wuya, da sabon jaki, wataƙila da sabon mariƙin tsirkiya na gindi. Saka su a lissafi tun yanzu.

Akwai hanya mafi sauƙi duka ga mai son tsohon salon kiɗan tsaunukan Afalashiya na Amurka: wuya maras firet kwata-kwata, sumul kamar na molo. Haka banjo yake kafin ƙarshen ƙarni na 19. Amma ga salon kiɗan bulugiras irin na shahararren makaɗin banjo Earl Scruggs wannan ba zai yi ba.

Abubuwa uku ne ban yarda a taɓa ba: busasshen katako, sandar ƙarfe mai juyawa a ciki, da yankan diddige a kan ƙoƙonka na ainihi. Sannan abin da hannunka ke so ba ado ba ne, a rubuta shi dalla-dalla. Faɗin allo a wajen ƙashin kai yakan kama daga inci 1 da 3/16, wato milimita 30, zuwa 1 da 3/8, wato 35, ga masu son fili. In akwai banjon da wuyansa ke maka daɗi, auna kaurinsa a firet na farko da na 12 ka aika. Masu kiɗa da bayan farce sukan so a ƙwaƙule ƙarshen allon kusa da fata don hannu ya sami wuri. Masu son ƙananan ƙusoshin da ake maƙale tsirkiya ta biyar a ƙarƙashinsu, a firet na 7 da na 9, su faɗa tun farko. Ƙusoshin layin dogo ne na jirgin ƙasan wasan yara, kuɗinsu ba komai ba ne.

Inda ake samun su

Shahararrun masu yi, waɗanda sunansu kaɗai ke ƙara wa banjo daraja, layinsu dogo ne, farashinsu ma haka. Sun cancanta, amma ba su kake nema ba. Kana neman mutum mai hannu wanda sunansa bai riga ya yi tsada ba: dattijon da ya yi ritaya yana aiki a garejin gidansa, ko matashin da ya gama koyo yana tara aikin da zai nuna, ko ƙaramin shago mai injin kwamfuta da ke fitar da siffar wuya cikin sauri a ƙarasa da hannu.

Hanya mafi inganci ita ce bakin makaɗa. Je inda ake haɗuwa a yi kiɗa, ka ga wuyan da ya burge ka, ka tambayi mai shi wa ya yi, nawa ya biya, wata nawa ya jira. Tarukan kiɗa na bazara kamar na Galax a jihar Bajiniya, da ake yi a watan Agusta tun shekarun 1930, da na Clifftop a Bajiniya ta Yamma, cike suke da ƙananan masu sassaƙa da ke baje kayansu a tebur. A nan za ka riƙe aikin a hannunka, gani ya kori ji.

Shagunan da ke gyaran tsofaffin kayan kiɗa, irin su Elderly Instruments a Lansing ta jihar Michigan, sun san masu yi domin aikinsu na ratsawa ta hannunsu. Ƙungiyar Guild of American Luthiers, da ke Tacoma tun shekarun 1970, tana tattara masu wannan sana'a. Makarantu irin su Roberto-Venn a Phoenix suna yaye ɗalibai, kodayake jita suka fi koyarwa, don haka sai ka bincika ko ɗalibin ya taɓa banjo. Wanda ke Turai kada ya manta da Jamhuriyar Czech, inda bulugiras ya kafu sosai har kamfanin Prucha ke ƙera sassan da Amurkawa kansu ke saya.

Akwai kuma hanyar tsakiya, wadda ga mutane da yawa ita ce amsar: sayi wuyan masana'anta a shirye, kamar waɗanda Gold Tone ke sayarwa, ko na hannu da wani ya cire, sannan ka biya gwani ya yanka diddigen ya dace da ƙoƙonka. Ka biya awanni kaɗan, kuma su ne masu muhimmanci. Sharaɗin shi ne diddigen ya zama da sauran nama, ba a riga an yanke shi an huda shi don wani ƙoƙon ba.

Tuntuɓi mutum uku ko huɗu da saƙo iri ɗaya: hotuna, awo, jerin abin da kake so, da iyakar abin da za ka iya biya. Faɗin kuɗinka tun farko ba rauni ba ne. Mai gaskiya zai ce maka ga abin da wannan kuɗin zai saya, ko ya tura ka wurin wani.

Tace su

Tambaya ta farko: wuyan banjo nawa ka yi, kuma ka taɓa yi wa irin ƙoƙona? Gwanin jita ba lallai ya zama gwanin banjo ba. Diddigen banjo lanƙwasa gare shi da ke rungumar zagayen ƙoƙo, da matakai da ke kauce wa zoben ƙarfe, sannan dukansa ya ɗan karkata baya da kusan digiri uku don tsirkiyoyi su sauka daidai kan jaki. Nemi hoton diddigen da ya yi, daga kusa, a ɗaure da ƙoƙo. Hoton kwalliyar kai kowa zai nuna maka, amma diddigen ne ke tona asiri. In akwai ratar da takarda za ta shige, sauti na zuba ta nan.

Tambaye shi ko yana so ka aiko ƙoƙon. Amsar da kake so ita ce e. Wanda ya ce awo a takarda ya ishe shi, ko dai ƙoƙonka na masana'antar da ya sani ciki da waje ne, ko kuma zai bar maka aikin dacewa a kanka. Tambayi shekarun da katakonsa ya yi a ajiye. Tambayi abin da zai yi in wuyan ya murɗe cikin shekarar farko. Nemi ya haɗa ka da mutum biyu da ya yi wa aiki, ka tambaye su abu ɗaya: ya cika alkawarin lokaci, in kuma bai cika ba, yana amsa saƙo?

Wata magana a gefe. Masu tsohon ƙoƙon Gibson sukan so a rubuta sunan kamfanin a kan sabon wuyan. Sunan mallakar kamfanin ne, wasu masu sassaƙa ba sa yarda su sa shi. Ko ma mene ne kuka yanke, sa mai aikin ya rubuta sunansa da shekara a fuskar diddigen da ke ɓoye, don kada wata rana a sayar wa wani da shi a matsayin na asali.

Ciniki da kafin alƙalami

Kada ka matsa wa ƙaramin mai sana'a ya rage ladan hannunsa, abin da yake samu a awa ba shi da yawa. In farashi ya fi ƙarfinka, tambaye shi me za a cire ya sauko. Faɗa masa kuma ba ka gaggawa, domin wanda aka bari ya saka aikinka tsakanin manyan ayyuka yakan sassauta.

A rubuta komai, ko da a imel ne: katako, awo, ado, fenti, tsayin jaki, ko farashin ya haɗa da ɗaura wuyan da saita banjon, wa zai biya kuɗin aike zuwa da dawowa, da watan da za a gama. Kafin alƙalami na kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi abu ne da aka saba. Biyan duka tun kafin a taɓa katako kuwa, a'a. In ta PayPal za ka biya, bi ta hanyar sayen kaya, kada ka yarda da ta 'yan uwa da abokai, wadda ba ta da kariya. Ka kuma lura cewa kwana 180 ne wa'adin shigar da ƙorafi, alhali layin wasu ya fi wata shida. Mafita ita ce ka ba da ɗan kuɗin riƙe layi, babban kason sai ranar da zai fara aikin. Roƙe shi hoto a matakai uku: bayan yanka siffa, bayan sa allo, da kafin fenti.

Aikawa

Kada ka aika ƙoƙon sai ya ce lokaci ya yi, don kada ya yi watanni a shagon wani. Cire jaki da tsirkiyoyi, haɗa da murfin baya domin diddige sai ya shiga yankan da ke jikinsa. Naɗe kowane abu daban, a cika kwalin har in ka girgiza ba ka jin motsi, a yi inshora daidai darajar kayan.

In wuyan zai tsallaka iyakar ƙasa, akwai dokar CITES, yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin itatuwa da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Rozwud ɗin Brazil yana ƙarƙashin hani mafi tsanani tun 1992, ka guje shi kawai. Sauran nau'o'in rozwud sun shiga jerin abubuwan da dokar ta taƙaita a farkon 2017, sannan aka sassauta wa kayan kiɗan da aka gama a ƙarshen 2019. Bawon kawa ma a dokar Amurka kayan namun daji ne, fitar da shi na buƙatar takarda, abin da ya sa wasu ƙananan masu aiki ba sa aikawa waje. Allon Richlite da ɗigon roba sun raba ka da wannan duka. Sai kuɗin kwastan, wanda a kanka yake.

Ga wanda zai kai banjon wuri mai bushewa, ko Arizona ce ko Kano a lokacin hunturu, gaya wa mai aikin. Shagunan masu sassaƙa sukan riƙe danshin iska kusan kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari. In katako ya shiga iskar da ta fi haka bushewa sosai, allon zai tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, sai bakin firet su leƙo suna yankar yatsa. Ana goge su da ƙaramin magagari, amma gara ka ajiye banjon cikin akwatinsa da ɗan soso mai laima a cikin robar da aka huda.

Ranar da ya iso

Bar kwalin a rufe na wasu awanni ya saba da ɗakin, musamman in daga sanyi ya fito, don fenti mai sheƙi na tsagewa da sauyin zafi na farat ɗaya. Sa tsirkiyoyi, ajiye jaki a nisan da lissafi ya ba shi, sannan ka gwada: sautin da tsirkiya ke bayarwa in ka danne firet na 12 ya zama daidai da wanda take bayarwa in ka ɗan taɓa ta a wurin ba dannewa. In na dannewar ya fi tashi, ja jakin baya kaɗan, nesa da wuya. Duba ko tsirkiya ta uku ta bi tsakiyar allon tun daga kai har gindi. Auna ratar tsirkiya a firet na 12, ta kasance kusa da 1/8 na inci, kimanin milimita uku, da jakin da kuka yi magana a kai. Bi kowane firet ɗaya bayan ɗaya kana sauraron zizar ƙarfe. Riƙe ƙoƙon ka ɗan girgiza wuyan, kada ya motsa ko kaɗan.

Sabon wuya yakan ɗan saki a makonnin farko da tsirkiya ta fara jan sa, kwatan juyi na notin ciki ya isa. Abin da ya wuce haka, rubuta wa mai aikin nan take da hoto, kada ka kai wa wani ya taɓa tukuna, don hakan na iya warware alkawarin da ya yi maka.

Tsohon wuyan kuma naɗe shi ka adana, ko da karyayye ne. A tsofaffin Vega da Fairbanks lambar banjon a jikin sandar katakon take, don haka kada ka bari a zare ta a dasa wa sabon wuyan, a yi masa tasa. Duk ranar da za ka sayar, mai saye zai tambayi wuyan asali, kuma farashin da zai taya ya dogara da ko yana nan.